Ina Datata Ta Tafi? Manhajojin Da Ke Kama Saƙonnin Intanet A Hanya

 Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin domin waɗanda datarsu ba za ta kai su saurari murya ba. Kuma yau maganar ma a kan datar take.

Duk majalisar matasan da ka zauna, daga bakin tasha a Birnin Kudu har cikin kasuwar Sara a Gwaram, akwai kukan da ba ya ƙarewa: "Jiya-jiya na sa data, yau an ce ta ƙare." Wani ya ce kamfani ne ke sata. Wani ya ce wayar ce ta tsufa. Wani ya ce ƙanensa ne ya saci lambar sirrin wayifai ɗinsa. Tun da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, kukan ya ƙara yawa, domin abin da ɗalibi ko mai POS yake kashewa a wata ya tashi sosai.

To amma ka tambayi mai kukan, "Wace manhaja ce ta sha datar, da ƙarfe nawa, kuma ina ta aika ta?" Sai ka ji shiru. Muna da zargi, ba mu da hujja. Abin da nake so mu fahimta yau shi ne, akwai manhajoji na kyauta da ke ba mutum damar ganin abin da wayarsa ko kwamfutarsa ke aikawa da abin da take karɓa, ɗaya bayan ɗaya. Zan yi bayanin yadda suke aiki, abin da suke iya gani, abin da ba sa iya gani, da kuma iyakar da doka ta gindaya.

Mu fara da yadda saƙo yake tafiya. A ce ɗan kasuwa ya sayi buhu ɗari na riɗi a Sara, zai kai Dawanau a Kano. Mota ɗaya ba za ta ɗauka ba. Sai ya raba kayan, a jikin kowane buhu ya rubuta sunansa, sunan wanda zai karɓa, da lamba: na ɗaya, na biyu, har na ɗari. Wata mota ta riga wata isa, wata ta tsaya faci a Wudil. Yaronsa da ke Dawanau yana ƙirgawa, in ya ga babu buhu na 47, sai ya bugo ya ce a binciko shi ko a sake turo wani.

Haka intanet take. Hoton da ka tura ba ya tafiya a dunƙule. Wayarka tana yanyanka shi ƙanana-ƙanana, kowane yanki ana ce masa fakiti, kuma yawanci ba ya wuce bayit 1,500. Ke nan hoto mai nauyin megabayit 3 zai zama fakiti wajen 2,000. A goshin kowane fakiti akwai adireshin mai aikawa da na mai karɓa, wato adireshin IP, da lambar da ke nuna matsayinsa a jeri. Daga wayarka su hau turken sabis, su bi wayoyin kamfani, wasu har su tsallaka teku, a can a sake harhaɗa su su koma hoto.

Manhajar kama fakitoci kamar ɗan kamasho ce a bakin tasha, riƙe da littafi. Duk buhun da ya fita ko ya shigo sai ya rubuta: lokaci kaza, daga wane, zuwa ga wane, nauyi kaza. Ba ya tare kaya, ba ya canza su. Kwafi kawai yake ɗauka ya ajiye, domin a zo a duba daga baya.

Guda biyu ne suka fi shahara a duniya. Ta farko tcpdump, wadda Van Jacobson da Craig Leres da Steven McCanne suka rubuta a 1988 a cibiyar bincike ta Lawrence Berkeley da ke Amurka. Ita ba ta da hoto ko maɓallin latsawa, umarni ake rubuta mata a baƙin allo, kuma har yau injiniyoyi na amfani da ita a manyan sabobi. Ta biyu Wireshark. Wani injiniya mai suna Gerald Combs ne ya fara ta, lokacin yana aiki a wani ƙaramin kamfanin intanet a Amurka. Yana bukatar irin wannan kayan aiki, na sayarwa kuma suna da tsada, sai ya zauna ya rubuta nasa, ya sake shi kyauta a 1998 da sunan Ethereal. A 2006 ya canza wurin aiki, sunan kuma mallakin tsohon kamfanin ne, shi ya sa aka koma kiran ta Wireshark. Mutane daga ƙasashe da dama suka yi ta ƙara mata sassa, har ta kai tana gane dubban ka'idojin da na'urori ke magana da su. Har gobe kyauta ce, tana aiki a Windows da Linux da Mac.

In ka buɗe Wireshark ka ce ta fara kamu, allon zai kasu uku. A sama jerin fakitoci ne suna zubowa kamar ruwan famfo, kowanne da layinsa da launinsa. A tsakiya bayanin fakitin da ka taɓa ne, daki-daki. A ƙasa kuma ainihin lambobin da ke cikinsa. Ranar farko kanka zai ɗaure, wannan kam babu makawa. Amma abubuwa uku kawai za ka fara koyon ganewa.

Na ɗaya, tambayar adireshi. Kwamfuta ba ta san suna ba, lamba ta sani. In ka rubuta sunan shafin JAMB, sai ta fara tambayar wata saba ta musamman, "Mene ne lambar gidan wane?" Wannan tsarin shi ake kira DNS. Ka rubuta dns a akwatin tacewa da ke sama, za ka ga duk sunayen da kwamfutarka ta tambaya. A nan mutane da yawa suke fara riƙe baki, domin za ka ga sunayen kamfanonin talla da ba ka taɓa jin su ba, alhali kai shafi ɗaya ka buɗe.

Na biyu, gaisuwa. Kafin na'ura biyu su fara musayar kaya a tsarin TCP, sai sun yi gaisuwa mai hawa uku. Wannan ta yi sallama, waccan ta amsa ta mayar da tata, wannan ta ce madalla. In ka ga taka tana ta sallama babu amsa, to ko dai hanya ta yanke, ko mai gidan ba ya nan, ko wani ya tsaya a tsakani ya hana.

Na uku, maimaici. In fakiti ya ɓace a hanya, ana sake turo shi, Wireshark kuma tana nuna irin waɗannan da baƙin layi mai jan rubutu. Kaɗan daga cikinsu ba komai ba ne. Amma in ka ga allo ya yi baƙi ƙirin da su, hanyar ce ba ta da lafiya, ko da sandunan sabis a wayarka sun cika.

Kun ga amfanin wannan a aikace? Kalmar "babu netwok" da muke faɗa ta ƙunshi cuta aƙalla huɗu, kowace da maganinta. Wataƙila tsakanin kwamfutarka da rauta ne matsalar take. Wataƙila DNS ne bai amsa ba. Wataƙila hanyar kamfani ce ta cushe. Wataƙila kuma komai lafiya, sabar da kake nema ce ta yi nauyi saboda dubban mutane sun yi mata caa a lokaci guda, kamar yadda kan faru ranar ƙarshe ta cike fom. Mai shagon intanet a Birnin Kudu da ya iya bambance waɗannan ba zai ɓata kuɗinsa yana sayen sabon layi ba alhali shafin ne ya faɗi. Haka mai kula da kwamfutoci a cibiyar jarrabawa, ko a asibiti, ko a sakatariyar ƙaramar hukuma.

Ku tuna ranar 14 ga Maris 2024. An wayi gari intanet na jan ƙafa, manhajojin bankuna da dama sun ƙi buɗewa, masu POS suna ta ba mutane haƙuri. A nan gida kowa da abin da yake zargi. Ashe manyan wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu ne suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma: WACS da ACE da SAT-3 da MainOne. Abin da ya faru a ƙasan teku, can nesa da mu, ya hana mai sayar da buhun shinkafa a Basirka karɓar kuɗinsa. Wanda ya iya duba fakitoci a ranar zai ga wayarsa na isa ga turken sabis lafiya lau, can gaba ne amsa take ɓacewa.

Yanzu na san wani zai ce, "Ni fa ba ni da kwamfuta." Yauwa, akwai hanya. Matakin farko ma ba ya bukatar saukar da komai: shiga saitin wayarka, wurin da ke nuna amfani da data, za ka ga jerin manhajoji da abin da kowace ta ci, har da wanda ta ci a ɓoye lokacin da ba ka buɗe ta ba. In kana son ganin fiye da haka, akwai wata manhajar Android ta kyauta mai suna PCAPdroid. Tana aiki ne ta hanyar kafa VPN na cikin gida a wayar kanta, shi ya sa za ka ga alamar makulli a sama, amma ba ta kai saƙonninka wata ƙasa. Tana nuna maka kowace manhaja, sunan sabar da ta yi magana da ita, da nauyin abin da ta aika da wanda ta karɓa. Tana kuma iya ajiye kamun a fayil, ka kai wa mai kwamfuta ya buɗe da Wireshark.

Ga gwajin da nake so kowa ya yi a daren yau. Ka kunna kamu, ka ajiye wayar a kan tabarma, kada ka taɓa ta har minti goma. Ka dawo ka duba. Za ka tarar wayar da kake zaton tana barci, hira take ta yi. Ga masu sabunta kansu ba tare da sun tambaye ka ba. Ga mai kwashe hotunanka tana ajiyewa a intanet. Ga WhatsApp yana sauke bidiyon da aka zuba a zaurukan da ka manta ma kana ciki. Ga wasan yara na kyauta yana jawo talla. Sannan akwai wanda ba a cika lura da shi ba: in sabis ya yi ƙarfi, manhajojin bidiyo da kansu suke ɗaga kyawun hoto, ke nan minti goma na kallo a 4G yakan ci fiye da minti goma a 3G. In kuma ka ba kwamfuta wayifai daga wayarka, Windows na iya fara sauke sabuntawa mai nauyi ba sallama.

Ban ce kamfanoni waliyyai ba ne, a'a. Abin da nake cewa, in ka auna ka ga wayarka ta yi amfani da kaza, kamfani kuma ya cire abin da ya ninka haka, to yanzu kana da abin riƙewa a hannu. Ka fara kai ƙara wurin kamfanin, ka karɓi lambar ƙorafi. In ba su share maka hawaye ba, NCC tana da layin kyauta na masu ƙorafi, 622. Wanda ya je da rana da lokaci da adadi, ba a sallamarsa kamar wanda ya je da "wallahi cuta ake yi."

Maganar ba ta tsaya a kuɗin data ba, ta shafi mutunci. Da yawanmu mun san wanda ya ci bashi a manhajojin ba da rance, ya makara kwana biyu, sai ga saƙo ya isa ga surukansa da malaminsa ana kiran sa ɓarawo. Ta ina suka sami lambobin? Shi ya ba su izini da hannunsa ranar da ya sauke manhajar, ita kuma ta kwashe ta aika. A watan Agustan 2021 hukumar NITDA ta ci tarar kamfanin Soko Lending naira miliyan 10 kan keta sirrin mutane. A 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu irin waɗannan kamfanoni a Legas. Daga ƙarshen Mayun 2023 kuma Google ya hana manhajojin rance da ke Play Store neman izinin shiga lambobin waya da hotuna. Amma har yanzu ana tura wa mutane irinsu ta WhatsApp, a bayan fage. Kama fakitoci na cikin hanyoyin da masu bincike ke bi su tabbatar da cewa manhaja na kwasar abin da bai kamata ba. Kai ma in ka ga ƙaramar manhajar tocila ko ta lissafi tana ta aika kaya waje, ka tambayi kanka me take aikawa, sannan ka goge ta.

To, mu zo kan tambayar da na san tana cin wasu: "Shin da wannan zan iya karanta saƙon wani?" Amsa a taƙaice, a'a, kuma duk wanda ya ce ka turo kuɗi zai koya maka shiga WhatsApp ɗin budurwarka da Wireshark, ɗan damfara ne. Dalili biyu. Na farko, manhajar tana ganin abin da ya ratsa ta na'urarka ne ko hanyar da kake iko da ita, ba ta zuƙo hirar mutane daga turken sabis. Na biyu, yawancin kayan yanzu a kulle suke tafiya.

Da ba haka abin yake ba. A watan Oktoban 2010 wani mai suna Eric Butler ya saki wata 'yar manhaja, Firesheep, wadda ta nuna cewa duk wanda ke kan buɗaɗɗen wayifai ɗaya da kai zai iya shiga Facebook ko Twitter ɗinka da latsawa ɗaya. Ya yi haka ne don ya kunyata manyan kamfanoni su gyara, kuma sun gyara. Shafuka suka koma HTTPS, wato tsarin da ke kulle abin da ke cikin fakiti. A Afrilun 2016 WhatsApp ya kammala kulle saƙonni daga waya zuwa waya ga duk masu amfani da shi. A 2018 Chrome ya fara yi wa duk shafin da bai da kulle tambarin cewa ba amintacce ba ne.

Sai dai a kula, an ɗinke bakin buhu ne, rubutun da ke jikinsa yana nan. Mai wayifai ɗin da ka hau, ko a shago ko a makaranta ko a otal, ba zai ga abin da ka rubuta ba, amma sau da yawa zai iya ganin sunan shafin da ka shiga, da lokacin, da yawan abin da ka sauke. Ɗan kamasho bai san abin da ke cikin buhu ba, amma ya san kullum da tsakar dare kana aika kaya gidan wane. Wannan kaɗai labari ne. Don haka in wayarka ta yi maka gargaɗi cewa takardar shaidar shafi ba ta inganta ba, musamman a wayifai na kyauta, kada ka danna ci gaba, balle ka sa lambar sirrin banki.

Ga 'yan gwagwarmaya irina akwai wani amfanin. Daga 5 ga Yunin 2021 zuwa 13 ga Janairun 2022 gwamnatin tarayya ta rufe Twitter a Najeriya. A Satumban 2021 aka katse layukan sadarwa a Zamfara, daga baya da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato, saboda matsalar tsaro. Waɗannan an sanar da su. Amma a ƙasashe da yawa ana toshe shafi a yi shiru, a bar mutane suna zagin sabis. Akwai ƙungiyar OONI da ke tattara awo daga wayoyin masu sa kai a faɗin duniya, kuma awon da aka yi daga Najeriya ya nuna toshewar Twitter a manyan layukan waya. A Yulin 2022 kotun ECOWAS ta yanke hukunci cewa rufewar ta saɓa wa doka. Darasin da na ɗauka shi ne, wanda ya iya awo shi ke iya bambance lalacewa da toshewa, kuma da hujja ake tsayawa gaban hukuma.

Yanzu iyaka, kuma ina roƙon a saurara da kyau. Wuƙar da ake yanka albasa da ita, ita ce ake kai mutum kotu a kanta. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, da gidansa, da wasiƙunsa, da hirarsa ta waya. Sashe na 12 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya haramta tare saƙonnin wani ba da izini ba, hukuncinsa ɗauri har shekara 2, ko tara har naira miliyan 5, ko duka biyun. Ga kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Kafin duk waɗannan, addini da tarbiyyar gida sun hana mu bin diddigin asirin mutane. Ka'idar mai sauƙi ce: na'urarka, layinka, ko wurin da mai shi ya ba ka izini a fili, in so samu ne a rubuce. In kai ne mai shago ko mai raba wayifai a unguwa, amanar mutane ce a hannunka. Ka duba lafiyar hanya, ka bar rayuwarsu. Kuma fayil ɗin kamu kansa sirri ne, kada ka watsa shi a zaure.

Abu na ƙarshe, sana'a. Jigawa ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Tun zamanin Gwamna Saminu Turaki aka kafa cibiyar koyon fasahar sadarwa a Kazaure, yau ga Jami'ar Tarayya ta Dutse, ga ta Sule Lamido a Kafin Hausa, ga ta fasaha a Babura, ga shirin 3MTT na gwamnatin tarayya. Amma sau da yawa in hanyar sadarwar wani ofis ko makaranta ta rikice a yankinmu, sai an jira wani ya taso daga Kano ko Dutse. Me zai hana a sami ɗan Kantoga ko 'yar Fagam da za a kira? 'Yan uwa mata, da ku nake, wannan aikin ba ya bukatar hawa turke, natsuwa yake so da lura. Tsohuwar kwamfuta ta isa. A shafin Wireshark akwai fayilolin gwaji kyauta da za ka sauke sau ɗaya ka yi ta koyo ko babu data. Ku haɗu ku uku ko huɗu, ku kama fakitocin na'urorinku, ku yi ta tambayar juna, "Wannan layin me yake cewa?" Wanda ya iya karanta DNS da gaisuwar TCP da maimaici ya kama hanyar zama injiniyan sadarwa ko ma'aikacin tsaron intanet.

Aikin gida dai shi ne gwajin minti goma. Ku yi, ku faɗa mana a ƙasa wace manhaja ce ta fi surutu a wayarku. Suna kawai za ku rubuta, kada ku ɗora hoton allo mai nuna adireshinku ko lambarku. Wanda ya amfana ya tura wa wani, musamman masu POS da masu shagon intanet na Birnin Kudu da Gwaram.

Sai mun haɗu a shiri na gaba in Allah Ya kai mu.